Baƙon da Ke Ci da Hagu

Maigidana mutum ne mai son cin abinci a waje, abin da ban saba da shi ba a Zariya. A unguwarmu, idan aka ga magidanci zaune a gidan abinci, to ko dai matarsa ba ta iya girki ba, ko kuma sun yi faɗa. Da muka bar ƙasarmu muka zo birnin Greensboro ya sami aikin tuƙa motar raba kaya. Yana ɗauko kayan masarufi daga manyan sito na titin Wendover, yana kai wa shaguna da gidajen abinci. Ta haka ya san ƙofar baya ta kusan kowane kicin a garin. Ya san inda ake soya kifi a man da bai taɓa haɗuwa da naman alade ba, ya kuma san inda za a kalli idonka a ce ba a sa ba, alhali an sa.

Ranar da hutunmu ya zo ɗaya, sai ya ce in ajiye tukunya. Ina ƙorafi ina ɗaura ɗankwali.

Wurin da ya fi so yana McLeansville, bayan ka bar gari ka shiga gonaki. Tsohon gidan katako ne a bakin hanya, da tebura kaɗan da labulen da rana ta cinye wa launi. Wata tsohuwa baƙar fata ce mai wurin, ita ke girki, ita ke kawowa. Maigidana yana ce mata Mama. Tun da ya yi mata bayanin abin da ba ma ci, ta ware ƙaramar tukunya tana dafa masa ganye da albasa da mai kawai. Tana soya tarwaɗa da garin masara, ta haɗa da wake da soyayyar kuɓewa da burodin masara mai zafi. Ranar da na fara ɗanɗana waken nan sai da na ajiye cokali, don kamar daga tukunyar kakata aka zubo shi.

Akwai wani wurin a gabashin gari, kusa da jami'a, inda ake bin layi da tire, kana nuna abin da kake so ana zuba maka. Sai kuma na uku, a tsakiyar gari, mai fararen ƙyallen tebur da fitilu marasa haske sosai. Nan sau ɗaya tak muka taɓa zuwa, ranar da 'yarmu ta gama jami'a. Ya sa farin kaftaninsa da hular da yake zuwa Idi da ita. Da aka kawo masa kifi ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti mai faɗin faifai, ya kalle ni ya ce da Hausa, “Wannan ɗanɗano ne, ko abincin ke nan?” Muka yi ta dariya har ma'aikacin ya tsargu. Amma na lura ya ji daɗin wurin. Ya daɗe yana shafa ƙyallen teburin yana kallon 'yarsa.

Wata safiya bayan sallar asuba, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Na ɗago zan yi masa tsiya, sai na ga bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ta ɗauke magana, ta kuma ɗauke haɗiya. Ko ruwa aka ɗiga masa sai ya sarƙe. Likitoci suka huda cikinsa suka sa roba, ta nan ake ɗura masa wani abu mai kama da madara. Bayan makonni aka mayar da shi gidan jinya inda ake koya wa irinsu motsi. Mutumin da ke gane man da aka yi suya da shi tun daga bakin ƙofa, ga shi kwance, an manna takarda a saman gadonsa cewa kada a ba shi komai ta baki.

Akwai wani barci da yake yi a lokacin. Da rana ta take, wajen lokacin cin abinci, sai ya tafi. Barci ne mai nauyi, ko ka girgiza shi ba ya motsi, sai la'asar ta kusa yake buɗe ido a gajiye kamar wanda ya dawo daga tafiya. Nas ta ce magani ne. Na yarda da ita.

Ni aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. A wannan lokacin an tura ni wurin wani dattijo Bature da ke zaune shi kaɗai a McLeansville. Wata rana na tashi daga wurinsa da rana tsaka, ban karya ba, jiri na ɗibana. Na ga gidan katakon nan, sai na tsaya. Tun da ciwon ya faru ban taka wurin ba, ban kuma gaya wa tsohuwar komai ba.

Tana ganina ta goge hannu ta fito daga kicin. Da Turancinsu na kudu mai jan harshe ta ce, “'Yata, gara da kika zo. Me ke damun mijinki?”

Na ɗauka wani direba ne ya ba ta labari. Na ce, “Ashe kin ji.”

“Ban ji komai ba, gani na yi. Mutum ya shigo bai ce min Mama ba, bai ce min komai ba. Ya zauna can.” Ta nuna teburin da ke jikin taga, inda muka saba zama. “Na kawo masa abin da ya saba ci. Ya kai cokali baki, ya riƙe abincin a bakinsa, ya daɗe, sai ya mayar da shi cikin tishu. Ya sake gwadawa. Na shiga ɗauko masa ruwa, kafin in fito ya tafi.”

Na ce, “Yaushe?”

“Makon da ya wuce. Ya kuma dawowa shekaranjiya.”

Na ja kujera na zauna. Na ce mata mijina yana kwance tun kafin ganyen bishiya ya fara zuba, ba ya tafiya, ba ya magana. Na ce wataƙila wani ne mai kama da shi, tunda mutanenmu suna da yawa a garin nan yanzu. Ta tsaya tana kallona, ba ta yi gardama ba. Can ta ce, “Shekara nawa ina ciyar da mutumin nan. Na san ƙeyarsa.” Ta juya za ta koma kicin, sai ta tsaya a bakin labule. “Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki. Da hagu ya ci. Shi da ya taɓa yi min wa'azi a kan hannun hagu har wake ya kusa ƙonewa.”

Ta kawo min abinci. Na zauna a gabansa ina kallon teburin taga. Rana ta haske shi fes, babu komai a kai sai kwalbar barkono. A waje wata motar noma tana wucewa a hankali. Ban iya cin ko rabi ba.

Daga nan gidan jinya na wuce kai tsaye. Na same shi cikin wannan barcin, baki a ɗan buɗe, hannun dama a lanƙwashe a ƙirji. Na tambayi nas ko ya taɓa fita. Ta yi min kallon wadda ta zare. Ta ce mutum biyu ke ɗaga shi kafin a canja masa zanin gado.

Maƙwabciyata a afatmen, gidan hayar da muke zaune, wata Hajiya ce 'yar Maraɗi, ta girme ni sosai. Ita na fara gaya wa. Tana tsinkar zogale ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago ba. Ta ce da ɗan Faransancinsu, “Bon. Kurwarsa ce. Yunwa take ji. Jiki an ɗura masa ta roba ya ƙoshi, ita wa ya ba ta?” Ta ce a ƙauyensu an yi wata mata da ta daɗe tana jinya, ana ganinta a bakin rijiya tana jan ruwa alhali tana kwance a ɗaki.

Malamin masallacinmu kuma da na same shi bayan Juma'a, maganar ci da hannun hagun ya riƙe. Ya ce, “Hajiya, kin san wanda ke ci da hagu. Aljani yana iya ɗaukar kamar mutum. Ki yawaita karanta masa Falaƙi da Nasi, ki yi sadaka, kada kuma ki bi sawun abin nan.”

'Yata ta ce gajiya ce. Ina yi mata Hausa tana mayar min da Turanci, kamar yadda ta saba. Ta ce tsohuwar ta manyanta, ta rikita shi da wani, ni kuma ba na barci. Ta ce in bar maganar kada ta shiga kunnen mutane.

Na yi karatun, na yi sadakar, amma ban bi shawarar Malam ta ƙarshe ba. Wata rana na karkata motata zuwa gabashin gari. Na shiga layi na ɗauki tire kamar kowa, tsakanin ɗalibai da ma'aikatan gini. Na yi niyyar ba zan tambayi kowa komai ba. Da na iso gaban ƙaton mutumin da ke zuba kifi, wanda maigidana ya saba sauke masa buhunan gari, ya washe baki.

“Madam! Oga fushi yake da mu ne?”

Na ce, “Me ya faru?”

“Ya zo kwanaki, na yi masa magana ko kallona bai yi ba. Ya nuna kifi, ya nuna shinkafa, ya je ya zauna, ya bar min tiren a cike. Ga shi ya sha ado, fari tas har ƙasa, da wannan hular taku. Na ce ko biki aka yi ba a gayyace ni ba.”

Ban san abin da na ce masa ba. Na tuna dai na bar layin da tire babu komai a kai, wata yarinya a bayana tana tambaya ko lafiya.

Da na isa gida na buɗe kabad ɗinsa. Kaftanin yana rataye cikin ledar masu wanki, yadda na ajiye shi. Hular tana sama a inda take. Na zaro kaftanin na kai hanci. Na ji turarensa, na kuma ji kamar ƙaurin man suya a ƙasan turaren. Sai na tuna daga ina na fito, na shinshina gyalena, shi ma yana ƙaurin. Har yau ban san daga wanne na ji ba. Na mayar da shi na rufe kabad, na sa kujera na tokare ƙofar, ina sane da cewa abin da nake yi ba shi da ma'ana.

Wannan karon ban gaya wa 'yata ba. Amma ta ga yadda na rame. Wata Asabar ta zo ta ce in shirya, za ta kai ni cin abincin rana, in huta da warin asibiti ko na awa ɗaya ne. Sai da ta yi fakin a tsakiyar gari na gane inda ta kawo ni. Na ce mata mu canja wuri. Ta ce ta riga ta kama mana tebur, kuma nan ne wurin da ta fi tunawa da Baba yana dariya.

Cikin wurin da sanyi, da duhu-duhu, ko da yake rana na ƙwallewa a waje. Kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa. Mutane kaɗan ne, suna magana kamar masu raɗa. Wata budurwa cikin baƙaƙen kaya ta tare mu a bakin ƙofa. 'Yata ta faɗi sunan da ta kama teburin da shi. Budurwar ta duba, ta yi murmushi ta ce, “Yauwa. Babanku ya riga ku isowa, na zaunar da shi. Ku biyo ni.”

'Yata ta ce, “Mu biyu ne.”

“Eh, na ga biyu aka ce, amma ba komai, na ƙara kujera. Dattijo mai fararen kaya, ko? Ya tsaya nan bai ce komai ba, da na karanto sunan sai ya gyaɗa kai.”

Ta juya ta yi gaba. Na ji hannun 'yata ya kama nawa, sanyi ƙalau. Muka bi ta tsakanin tebura, muna taka kafet da ba ya fitar da ƙarar sawu. Ban san ko so nake in gan shi ko tsoron ganinsa nake ba. Bakina yana ta A'uzu, idona kuma yana nemansa.

Teburin yana can lungu. Babu kowa. Kujera ɗaya an ja ta baya kaɗan, kamar yanzu aka tashi. An warware ƙyallen goge baki an ajiye a gefe. An gutsuri burodi, gutsuren yana kan ƙaramin faranti ba a ci ba. Kofin ruwan an ɗauke shi daga dama an dawo da shi hagu.

Budurwar ta ce wataƙila ya zaga bayi ne. Ta tura wani ma'aikaci ya duba, ya dawo ya ce babu kowa. Ta fara ba da haƙuri, tana waige-waige, tana cewa ba ta ga fitarsa ba kuma ƙofa ɗaya ce. 'Yata ta miƙa hannu ta taɓa mazaunin kujerar, ta janye da sauri. Ban tambaye ta abin da ta ji ba. Da Hausa ta yi min magana, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, “Mama, mu tafi wurin Baba.”

Mun same shi yana barci, injin ɗura abinci yana ta ɗan ƙararsa. 'Yata ta durƙusa a gefen gadon ta kifa kanta a kan hannunsa mai lafiya tana kuka. Ni na zauna ina karatu ina tofa masa. Wajen la'asar ya buɗe ido. Ya kalle ta, ya kalle ni, kallo mai tsawo, irin wanda yake min in na ɓata masa lokaci wurin shiri.

Daga ranar na nemi a canja min aiki zuwa yamma. Kullum kafin rana ta take ina gefensa. Nakan zo da ɗan kunun gyaɗa ko miyar kuka a kwano, in buɗe kusa da fuskarsa ya shaƙi ƙamshin. Na roƙi mai koya masa haɗiya ta bar ni in riƙa shafa masa ɗan kaɗan a harshe, ta yarda, da sharaɗin ta tsaya tana kallo. Barcin bai daina zuwa ba, amma ya rage nauyi. Sannu a hankali ya fara haɗiye ruwa mai kauri, daga nan kunu, daga nan tuwo mai laushi da aka dama da miya. Da bazara ta shigo aka cire robar. Magana ta dawo a gutsure, kalma ɗaya, biyu, wani lokaci ya nemi kalma ya rasa ya buga gado don haushi. Hannun dama bai dawo ba. Ranar da ya fara ci da kansa, ya daɗe yana kallon cokalin a hannunsa na hagu kafin ya yi bisimilla. Malam ya ce lalura ce, babu laifi.

Ban tambaye shi komai ba har muka dawo gida. Wata yamma muna zaune a baranda, motoci na ta zuba a Wendover, ina riƙe masa kofin kunu. Ba tare da ya kalle ni ba ya ce, “Kun daɗe.”

Na ce, “Ina, Alhaji?”

“Wurin... farin tebur. Na jira. Na gaji.”

Na ajiye kofin don kada ya zube. Na ce, “Ka tuna?”

Ya gyaɗa kai. Ya ce kamar mafarki ne, amma yana jin zafin rana a kansa, yana jin tsakuwa a ƙarƙashin takalmi. Ya ce ya je wurin Mama mai gidan katako, ya so ya gaishe ta bakin ya ƙi. Da ƙyar yake haɗa maganar, ina cike masa wasu kalmomin, yana gyaɗa kai ko ya girgiza. Ya ce ko'ina ya je ana ba shi abinci, yana sa wa a baki, maƙogwaro a rufe.

Na zaci ya gama. Sai ya ce akwai wani wurin da ya je wanda bai sani ba, ba a Greensboro yake ba, ba kuma a gida ba. Fili ne babba, an shimfiɗa tabarmi har iya ganinsa, mutane zaune sahu-sahu suna ci, babu mai magana. Ya ga fuskokin da ya sani. Ya ga kawunsa, ya ga wani abokinsa da mota ta kaɗe tun suna samari. Innarsa ce ke rabon abinci, ita da ta rasu tun kafin a yi mana aure. Ya sami gefen tabarma ya zauna, ya miƙa hannu.

Na ce, “Ta ba ka?”

Ya girgiza kai. “Ta ce... tashi. Ba a dafa da kai ba.”

Yaran maƙwabta suna wasan ƙwallo a filin fakin, wani yana kiran wani da Turanci. Ya ce ya ji haushinta ƙwarai a lokacin, don abincin yana ƙamshi, kuma yana da yaƙinin wannan kam da zai haɗiyu.

Ya nuna kofin da haɓarsa. Kunun ya huce, na ce bari in ɗumama masa. Ya ce a'a, in ba shi haka nan.